Martani: Ba Idon Mutum Ne Ya Tsayar da Ƙwayar Zarra Ba

Wani ɗan'uwa malami ya rubuta maƙala a kan abin da masana fiziks ke kira tasirin Zeno, inda ya ce kimiyya ta tabbatar da cewa muddin mutum ya ƙura wa ƙwayar zarra ido, ba ta iya motsawa daga halin da take ciki. A kan wannan ya ɗora cewa hankalin ɗan'adam shi ke juya abubuwa, cewa Zeno, tsohon masanin falsafar nan na Girka, ya yi gaskiya da ya ce motsi ruɗi ne, har ya kai ga cewa an samo hujjar kambun baka a ɗakin gwaji. Malam ya cancanci yabo da ya kawo wa masu karatun Hausa batun da ba kasafai ake taɓa shi ba, kuma gwaje-gwajen da ya ambata an yi su da gaske. Matsalar ita ce bai gaya wa mai karatu abin da aka yi a cikinsu ba. Da ya faɗa, da mai karatu ya ga cewa babu idon kowa a cikin lamarin.

Bari mu shiga ɗakin gwajin da maganar ta fi dogara a kansa. A gwajin da aka buga sakamakonsa a shekarar 1990, a cibiyar awo ta gwamnatin Amurka da ke garin Boulder na jihar Kolorado, Wayne Itano da Daniel Heinzen da John Bollinger da David Wineland suka tsare ƙwayoyin zarrar beriliyam kimanin 5,000 a cikin tarkon maganaɗisu da lantarki. Kowace ƙwaya an cire mata ilektiron ɗaya, shi ya sa tarkon ke iya riƙe ta. Aka sanyaya su har suka rage ƙasa da rubu'in digiri ɗaya tsakaninsu da ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili. Ƙwayar zarra tana da matakan kuzari da take iya zama a kai, kuma masanan sun zaɓi biyu daga ciki. Idan aka kunna igiyar rediyo mai daidaitaccen zango na tsawon milisakan 256, wato ɗan abin da ya haura rubu'in sakan ɗaya, dukkan ƙwayoyin za su tashi daga mataki na farko su koma na biyu. Wannan ita ce tafiyar da ake son tsayarwa.

Da me aka tsayar da ita? Da hasken leza na shuɗin da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 313, ana walƙa shi a kan ƙwayoyin na milisakan 2.4 kowane karo. Ƙwayar da ke mataki na farko, idan hasken ya same ta, sai ta haɗiye shi ta tofar da shi sau gommai kafin walƙiyar ta wuce. Wadda ke mataki na biyu ba ruwanta da hasken. Wannan walƙiya ita ce awon. Idan an raba tafiyar gida 2 da walƙiya, rabin ƙwayoyin ne kawai ke isa mataki na biyu. Idan an raba ta gida 4, lissafi ya ce kashi 37.5 cikin ɗari. Gida 8, kashi 23. Gida 16, kashi 13. Da aka kai walƙiya 64, abin da lissafi ya bayar bai kai kashi 4 ba, kuma abin da aka auna ya yi daidai da lissafin bayan an cire tasirin tsawon walƙiyar kanta. Wineland ya samu kyautar Nobel a 2012 tare da Serge Haroche na Faransa, saboda irin wannan gwanintar sarrafa ƙwayoyi ɗaiɗai.

To a ina mutum ya shigo? Walƙiya 64 a cikin rubu'in sakan, ta hasken da idon ɗan'adam ba ya iya gani, a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Na'ura ce ke buɗewa da rufe hanyar hasken. Mafi yawan hasken da ƙwayoyin suka tofar ya faɗa ne a bangon na'urar ya ɓace, ba wanda ya karanta shi. Masanan suna iya fita su sha shayi su dawo, adadin ba zai canza ba. Haka kuma idan aka kashe lezar aka tara mutum ɗari suka zuba wa tarkon ido da dukkan natsuwarsu, ƙwayoyin za su isa mataki na biyu cikin milisakan 256 cif, kamar ba kowa a ɗakin.

Dalilin tsayawar ma ba ɓoyayye ba ne, kuma ina ganin mai karatu ya cancanci a warware masa shi, domin a nan ne daɗin batun yake. A ƙa'idar kwantam, ƙwayar da ke kan hanya tsakanin matakai biyu tana cikin wani hali na haɗaka, kuma abin da ke girma da tafiyar lokaci shi ne yiwuwar a same ta a mataki na biyu idan an auna. Wannan yiwuwa ba ta girma bai ɗaya. A farkon tafiya tana rarrafe ne, tana bin lokaci sau kansa: idan lokacin ya ninka biyu, yiwuwar ta ninka huɗu, idan ya ninka goma, ta ninka ɗari. A ɗauki amalanke da aka sake a kan gangara. A sakan na farko ta yi taku 1, a sakan biyu ta yi taku 4, a sakan goma ta yi taku 100, domin gudunta ƙaruwa yake yi. Amma idan a ƙarshen kowane sakan wani ya sa hannu ya tsayar da ita cak sannan ya sake ta, a sakan goma taku 10 kacal za ta yi. Idan yana tsayar da ita sau goma a kowane sakan, taku 1 ne kawai. Abin da walƙiyar leza ke yi ke nan: tana rushe haɗakar da ta fara taruwa, sai tafiyar ta koma farawa daga tushe, inda take da nauyin jiki. Bambancin kawai shi ne amalanke tana matsawa kaɗan-kaɗan, ita kuwa ƙwayar zarra yawanci ana samunta daram a mataki na farko, jefi-jefi a samu wadda ta tsallake gaba ɗaya. Kuma mai tsayar da amalanke da hannu yake tsayar da ita, dutsen da aka sa a gaban taya ma ya wadatar.

Wannan lissafi ya girmi gwajin. Alan Turing ya lura da shi a 1954. Leonid Khalfin na Tarayyar Sobiyet ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa rugujewar ƙwaya ba za ta iya bin ƙa'idar da aka saba da ita a kowane lokaci ba. Baidyanath Misra da George Sudarshan na Jami'ar Teksas da ke Austin su ne suka tsara shi sosai a 1977 suka laƙaba masa sunan Zeno, sannan Richard Cook ya ba da shawarar yadda za a gwada shi a 1988.

Akwai wata hujja da Malam bai kawo ba, wadda ta fi duk waɗanda ya kawo ƙarfi, kuma adalci ne in kawo masa ita. Itano da abokansa sun juya gwajin, suka fara da ƙwayoyin a mataki na biyu, wanda ba ya amsa hasken leza, igiyar rediyo kuma tana ƙoƙarin sauko da su mataki na farko. Nan ma walƙiyar ta tsayar da su. Mai kare ra'ayin Malam zai ce: ga shi nan, ƙwayar ba ta haɗiyi haske ba, ba ta tofar ba, babu abin da ya taɓa ta, amma ta tsaya, ashe sanin da aka yi cewa ba ta motsa ba shi ya riƙe ta. Tambaya ce mai kyau, kuma ta daɗe tana sa masana tunani. Amsar ita ce lezar tana kunne, kuma tana aiki a kan matakin da ƙwayar ke shirin shiga. Duk ɗan rabon haɗakar da ya zubo mataki na farko, hasken yana kama shi ya ɗaure shi da duniyar waje, sai ya rasa daidaituwarsa da sauran. Wannan duka yana cikin lissafin ƙwaya da haske. A 1991 Leslie Ballentine ya rubuta sharhi a kan gwajin, Vera Frerichs da Axel Schenzle kuma suka yi lissafinsa daki-daki, suka nuna cewa ana samun sakamakon Boulder daga ƙa'idojin mu'amalar haske da ƙwayar zarra kawai, ba tare da an sa mai kallo a ko'ina a cikin lissafin ba. Taƙaddamar da ta biyo baya tsakaninsu da su Itano a kan yadda za a fassara abin ne. Babu ɓangaren da ya ce tunanin Wineland ne ya riƙe beriliyam.

Gwaje-gwajen da suka zo daga baya sun ƙara ture mai kallo gefe. A 2006, a ɗakin gwajin Wolfgang Ketterle na cibiyar fasaha ta Massachusetts, Erik Streed da abokansa sun yi aiki da gajimaren rubidiyam mai tsananin sanyi, suka gwada walƙiya mai yankewa da kuma haske mai rauni da aka bari a kunne ba yankewa. Duka biyun sun rage gudun sauyawar ƙwayoyin, kuma ƙara ƙarfin hasken dindindin ya yi aikin da ƙara yawan walƙiya ke yi. Wato akwai maɓallin da ake murɗawa, tasirin yana hawa yana sauka da shi. Wane ne ya taɓa murɗa ƙarfin kallonsa da maɓalli? A 2008, rukunin Gerhard Rempe na cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus sun jera tagwayen ƙwayoyin rubidiyam a cikin siraran bututun haske. Duk biyun da suka yi karo sai su ɓace daga tarkon. Hankali zai ce idan karon ya tsananta asara za ta yawaita, amma sai aka ga akasin haka: tsananin asarar ya hana ƙwayoyin kusantar juna, sai suka daɗe. Tasirin Zeno ne tsantsa, kuma babu na'urar da ke tambayar ƙwayoyin inda suke, balle mutum. A 2017, a Jami'ar Washington da ke Sant Luwis, rukunin Kater Murch sun yi amfani da ƙwayar zarra ta ƙira, wato ƙaramar da'irar lantarki mai sanyi, suka riƙa girgiza ta ta hanyar da ba ta fitar da wani bayani game da halinta. Sakamakon ya zo iri ɗaya da na awo na gaskiya. Inda ba a samu labari ba, babu abin da hankali zai sani, amma tasirin yana nan.

Na san inda Malam ya samo kalaman da suka ja shi. A 2015 rukunin Mukund Vengalattore na Jami'ar Cornell sun nuna cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙwayoyin rubidiyam da shi yana hana su tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi a cikin ragar haske, kuma jaridu da dama sun ba da labarin da kanun da ke nuna cewa ƙwaya ba ta motsi idan ana kallonta. Mai rubuta kanu yana neman abin da zai ja ido. Mai rubuta maƙalar ilimi wajibi ne ya gangara ƙasan kanun, kuma a ƙasan kanun abin da ke akwai shi ne leza da ma'aunin ƙarfinta.

Sannan akwai rabin labarin da maƙalar ta bari gaba ɗaya. Yawan awo ba kullum yake tsayarwa ba, wani lokaci gaggautawa yake yi. A 2000, Abraham Kofman da Gershon Kurizki na cibiyar Weizmann a Isra'ila sun nuna da lissafi cewa ga yawancin abubuwa masu rugujewa da kansu, gaggautawar ce ta fi sauƙin samuwa. A 2001 Martin Fischer da Braulio Gutiérrez-Medina da Mark Raizen a Austin suka ga duka biyun a na'ura ɗaya, da ƙwayoyin sodiyam masu sulalewa daga tarkon haske. Da suka riƙa katse sulalewar bayan kowane maikirosakan 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, sai ta ragu. Da suka mayar da tazarar maikirosakan 5, sai ta ƙaru. Ƙwayoyin ɗaya ne, masanan ɗaya ne, natsuwarsu ɗaya ce, babban abin da ya canza tazara ce da ba ta kai ƙiftawar ido ba ko kusa. Idan kallo ne ke daskarar da abu, yaya kallon zai daskarar a tazara ɗaya ya narkar a wata?

Shi ya sa ma ba a tsayar da rugujewar sinadarai masu tiriri da wannan dabara. Farkon tafiyarsu mai nauyin jiki gajere ne ƙwarai, babu na'urar da ke iya awo da saurin da zai faɗa cikinsa. Yuraniyam 238 da ake haƙowa a Arlit rabinsa yana rugujewa ne a shekara biliyan 4.5, ko yana kwance a ƙarƙashin ƙasa ko an kewaye shi da na'urorin ƙirga tiriri dare da rana.

Maganar Zeno kansa ba ta buƙatar dogon bayani. Mutumin garin Eliya ne a kudancin Italiya, almajirin Parmenides, ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ta hannun Aristotal muka san hujjarsa ta kibiya: a kowane ɗan lokaci kibiya tana wuri ɗaya, saboda haka ba ta motsi. Misra da Sudarshan sun aro sunansa ne don kamanni. Kibiyar Zeno babu mai taɓa ta. Ƙwayar Boulder kuwa sai an yi ta dukanta da haske kafin ta tsaya, da zarar an daina ta ci gaba da tafiya.

Inda Malam ya fi samun madogara shi ne Henry Stapp, masanin fiziks na ɗakin bincike na Lawrence Berkeley, wanda ya daɗe yana cewa mayar da hankali a kan tunani ɗaya kamar maimaita awo ne a kan ƙwaƙwalwa, yana riƙe wani tsari na jijiyoyi ta hanyar tasirin Zeno. Stapp masani ne na gaske, kuma tambayar abin da ke faruwa a ainihin lokacin awo har yau masana ba su haɗu a kan amsarta ba. Eugene Wigner ma ya taɓa ba hankali matsayi a ciki a farkon shekarun 1960, kafin daga baya ya janye. Amma ra'ayin Stapp zato ne da ya gabatar, babu gwaji ko ɗaya da ya tabbatar da shi, kuma yana da babban cikas a gabansa. Beriliyam na Boulder sai da aka keɓe shi daga iska da zafi kafin haɗakarsa ta daɗe har a yi wasa da ita. Ƙwaƙwalwa kuwa tana digiri 37, jiƙe take da ruwa da gishiri, kowace ƙwaya a cikinta tana karo da maƙwabtanta ba hutu. Max Tegmark ya lissafa a 2000 cewa haɗakar kwantam a cikin jijiyar ƙwaƙwalwa tana rushewa cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan 10 na sakan ko ƙasa da haka, alhali jijiyar tana buƙatar kimanin milisakan guda kafin ta aika saƙo ɗaya. Stapp ya mayar da martani cewa wannan bai rusa tsarinsa ba, kuma ana iya karanta muhawarar tasu. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗauki zaton mutum ɗaya da ake jayayya a kansa, a manna masa sakamakon gwajin Boulder, a miƙa wa ɗalibi a ce ga abin da kimiyya ta tabbatar. Ko da Stapp ya yi daidai ma, maganarsa a kan ƙwaƙwalwar mai tunanin ce, bai ce idon wani yana tsayar da abin da ke gabansa ba.

Batun kambun baka shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya yi imani da shi ya samo imaninsa ne daga nassi da malamansa, bai jira ɗakin gwaji a Kolorado ba, kuma ban zo in taɓa wannan ba. Abin da nake jin tsoro shi ne yaron da zai karanta maƙalar Malam yau yana aji biyar na sakandare, ya riƙe ta a matsayin hujjar addininsa, sannan ya shiga jami'a ya zauna a gaban malamin fiziks, a zana masa matakan beriliyam a allo, ya ga leza ce. A ranar ba maƙalar kaɗai zai yi shakka a kanta ba. Mun ɗaura masa abu mai daraja a jikin igiyar da mun san za ta tsinke, kuma ba shi ya roƙe mu ba. Ɗalibanmu da ke karanta kimiyya da Turanci suna zuwa ga rubutun Hausa ne don su fahimci abin da ya shige musu duhu, kuma rubutun kimiyya a Hausa bai yi yawan da wani zai gyara kuskuren wani cikin sauri ba. Abin da aka rubuta yakan zauna shekaru ana ta kwafarsa.

Gaskiyar lamarin kuma ta fi abin da aka ƙawata ban sha'awa. Rukunin Haroche a Faris sun hana hasken maikirowef taruwa a tsakanin madubai biyu a 2008, ta hanyar ratsa wurin da ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya. Paolo Facchi da Saverio Pascazio na Jami'ar Bari sun nuna cewa awo yana iya zama shinge maimakon mari: a bar ƙwaya ta yi yawo a cikin wasu matakai da aka zaɓa, a hana ta fita daga cikinsu, kuma an tabbatar da haka a 2014 a Faris da Fulorens. Masu ƙera kwamfutar kwantam suna nazarin wannan a matsayin hanyar kare bayanai daga lalacewa. Duk wannan aiki ya yiwu ne saboda tasirin yana bin ƙarfin haske da tazarar lokaci, abubuwan da injiniya ke iya saitawa ya kulle ɗaki ya tafi gida.

Malam, ra'ayinka yana da hanyar gwaji, kuma mai sauƙi ce. A saita na'urar a bar ta yadda take, a yi awon sau dubu da mutum a gabanta yana mayar da hankali, a sake yi sau dubu ɗakin babu kowa. Idan hankali ne ke aikin, adadin ƙwayoyin da suka tsallake zai bambanta. Idan ka san inda aka yi wannan aka ga bambanci, ka kawo mana sunan ɗakin gwajin da shekarar da mujallar da ta buga, kamar yadda na kawo nawa, sai mu zauna mu karanta tare.